Inda Hannuna Ya Tsaya

Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma, maigidana dai ya riga mu. Ya cika da hantsi ranar kasuwar Dakwaro, ana jiyo kukan shanu daga kara, ni kuma ina riƙe da ƙafarsa ina jin sanyi yana hawa ta. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa zan fara yanzu ba. Mutanen gari Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, ko da yake bai daɗe yana koyarwa a can ba. Ni Malam nake cewa.

Sai da aka zauna gaisuwa na san yawan mutanen da ya sani. Malaman lakwal suka zo tare, suka tsaya a bakin zaure kamar yaran da aka kira za a yi musu faɗa. Wata mata ta zo daga Ajekoriya da wani ɗan littafi ƙulle a gefen zane, duk ya yi baƙi don taɓawa, ta ce da shi ta koyi karatu tana da ƴaƴa manya. Ta buɗe mini shi a cinya ta ce in duba. Na duba kuwa, don kada ta ji kunya. Wasu makiyaya suka sauko daga wajen Tagiris da ƙunshin cuku, suka zauna da rawunansu har rana ta karkata, suna ta addu'a.

Ƙanin Malam shi ya fi kowa kuka, shi ne kuma ya fara leƙa ɗakin takardu. Ya fito yana share ido ya ce, "Yaya, waɗannan tulin fa? Gara za ta cinye su a banza. A ba masu ƙosai su yi ƙunshi."

Na ce, "Ka bar mini su."

Ya ce, "To me za ki yi da su, ke da ba ki karatu?"

Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiya ce kuma. Na zauna da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyaran littattafai, ban iya karanta ko kalma guda ba. Wannan ma da kuke gani ba hannuna ba ne. Ni ke faɗi, jikata ke rubutawa. Ɗiyar ɗiyata ce, uwarta ta rasu tana goye da ita, a hannunmu ta tashi. Ta gama jami'a, an ɗauke ta aiki a wani gidan buga littattafai a Yamai, mataimakiyar mai gyara, irin aikin da kakanta ya fara da shi. Ana saura kwanaki kaɗan ta tafi ya rasu. Da aka yi sadakar uku ta kwance kayanta ta ce ba inda za ta, wa za ta bar wa ni? Can sun ce za su jira ta, amma ba har abada ba. Ga ta nan tana harara ta don na faɗi wannan. Rubuta dai, kada ki cire.

Ina amarya aka ɗauki Malam a wani biro, wato ofis, a Maraɗi inda ake yin ƙananan littattafan Hausa don manya masu koyon karatu. Shi ne ƙarami a wurin. Shi ke ɗaukar takardu ya kai wa masu bugawa, shi ke ɗauko su, shi ake miƙa wa rubutun wani a ce ya duba kafin a buga. Sunan mai littafi a bango da manyan baƙaƙe, nasa kuwa, ya ce mini, can a ƙarshe, ƙanana kamar ƙwayar gero, in ma an tuna an sa. Farkon aikin bai ji daɗinsa ba. Yakan dawo ɗakinmu na haya da ciwon kai, ya ce shugabansa ya ce ya gyara, ya gyara, an ce ya ɓata, ya bari yadda yake, an ce bai yi aiki ba. Har ya fara zancen komawa gona.

Wata rana bayan la'asar ya zauna a tabarma da takardun wani littafi kan yaye yaro. Ya ce idonsa ya gaji, sai ya shiga karantawa a fili don kansa. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗar da uwata ta aiko mini, don ina yin mai da ƙuli-ƙuli ina sayarwa. Yana karatu ina ɓara, ban ma san ina saurare ba. Can sai ya dakata da karatun ya ce, "Me ya tsaida ki?"

Na duba, ashe hannuna ya tsaya a kan faifai. Na ce, "Ba komai, na ɓata ne. Maganar ta yi tsawo, kafin ka kai ƙarshenta na manta farkonta."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Ya ɗauki jan bik ɗinsa, alƙalamin da yake gyara da shi, ya yi ɗan zane a wurin, ya yanka maganar gida biyu, ya sake karantawa. Hannuna ya ci gaba da ɓara. Ya ce, "To, ashe haka ne." Daga ranar ba takardar da ta bi ta hannunsa ba ta bi ta kunnena ba. Ba ya tambayata ko na gane. Ya ce in ya tambaya zan ce e don kunya. Hannuna kawai yake kallo ta saman tabarau, inda ya tsaya nan zai sa ja. Ciwon kan ya tafi, zancen gona ma ya mutu.

Ba kullum abin ke yin daidai ba. Akwai ranar da ya yi ta juya wata magana, ya yanka, ya haɗa, ya sake yankawa, hannuna na tsaye. Har ya yi gumi. Ya ce, "Wai me ke cikin wannan da ba ki gane ba?" Na ce, "Na gane tun ɗazu, Malam. Kazar can nake kallo, za ta shiga tukunyar miya." Ya aje bik ya yi dariya har ya kwanta. Bayan nan in hannuna ya tsaya sai ya fara cewa, "Kaza ce ko ni ne?"

Abu guda ne ba ya wasa da shi: hannun mai. Mai yin ƙuli-ƙuli kuwa hannunta ba ya rabo da mai. In na miƙa hannu zan kau da takarda don in aje masa fura sai ya zabura, "A'a, a'a, bari, ni zan ɗauke! Tabon mai ba ya fita." Ko iska ta kwashe takardu a tsakar gida, da gwiwar hannu nake danne su har ya iso. Ya fi son takardar wani ta koma wa mai ita fes, in ban da jan da ya sa. Jan ma ba ya cikawa. Yakan ce rubutun mutum ɗansa ne ya ba ka riƙo, wanke masa fuska za ka yi, ba ka da ikon sake masa hanci. In saurayi ya kawo masa rubutu marar kyau, ba ya cewa marar kyau ne. Sai ya ce, "Zauna ka karanta wa uwar gida." Yaro yana karantawa yana kallon hannuna yana tsayawa, da kansa zai ce a ba shi ya je ya sake.

Da uwarsa ta tsufa muka dawo Dakwaro, gidan nan mai itacen bedi a tsakiya. Aikin ya biyo shi. Ana aiko ƙunshin takardu a mota daga Maraɗi, wani lokaci daga Yamai, ya je tasha ya karɓo, ya gama ya mayar. Ko da ya aje aiki ba su bar aikowa ba. Littafin rijiya, na allurar dabbobi, na tatsuniyoyi, na lissafin mata masu adashe, duk a gindin bedin nan na ji su, ina ɓara.

Makiyayan da na ce sun zo da cuku, ubansu ne abokinsa. Tsoho ne mai raƙuma, Hausarsa ba ta fita sosai, amma ya san ciwon raƙumi tun daga tafiyarsa. Duk ranar kasuwa in ya sayar da abin da ya kawo sai ya biyo nan, a dafa shayi, yana faɗi Malam na rubutawa. Aka daɗe ana haka har abin ya isa littafi. Da za a buga sai can biro suka ce ba sai an sa sunan tsohon ba, tunda ba shi ya riƙe alƙalami ba. Malam bai cika faɗa ba, amma ranar ya sa babbar riga ya hau mota zuwa Maraɗi, bai dawo ba sai da aka yarda. Da littafin ya fito ya jira ranar kasuwa. Tsohon ya zo, ya juya littafin sama da ƙasa, bai san ta ina ake riƙe shi ba. Malam ya kama yatsansa ya ɗora a bango ya ce, "Nan ne kai. Daga nan zuwa nan, sunanka ne." Tsohon ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Ya ja rawani ya rufe fuska.

Ina tsaye da tiren shayi na ga wannan. Da baƙon ya tafi na ce, "Malam, ka koya wa matan Ajekoriya karatu da littafinka, ka nuna wa mai raƙumi sunansa. Ni fa?"

Ba ranar na fara roƙo ba. Tun muna Maraɗi nake cewa ya koya mini, yana cewa bari a gama wannan littafi, bari ki yaye, bari damina ta wuce. Ranar dai na matsa, sai gaskiya ta kuɓuce masa. Ya ce, "In kin iya karatu, idonki zai riƙa taimakon kunnenki. Wa zai saurare ni kamar wanda bai taɓa ganin takarda ba?"

Na ce, "Au, ashe da gangan ne?"

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba."

Na ce, "Haka ka faɗa."

Na kwashe gyaɗata na koma bayan ɗaki. Wannan ne faɗanmu mafi tsawo. Ina dafa masa abinci, ina gaishe shi, amma in la'asar ta yi ba na zuwa gindin bedi. Nakan jiyo shi yana karanta wa kansa, murya na sauka na sauka har ta ɗauke. Ya gwada ƙaninsa, ƙanin ya yi barci. Daga baya ya sayo allon lakwal da alli ya aje a ƙofar ɗakina, ya tsuguna ya ce, "Zo mu fara." Muka fara kuwa. Amma a lokacin ɗiyarmu ta rasu, ga jinjira a bayana, ga ido ya fara yin hazo. Abin da na koya da safe kafin azahar ya gudu. Allon ya koma marfin tulu. Na koma gindin bedi da kaina, don ni ma na yi kewar muryarsa, ba mu sake ta da zancen ba.

Jinjirar nan ita ce ta girma a tsakaninmu, a tabarma guda, tana cin gyaɗar da nake ɓara, tana satar jan bik tana zane a ƙafarta. Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai tabarau. Ita ya koya wa karatu tun ba ta isa lakwal ba, da gaggawa, kamar ana korarsa. Na san dalili. Ranar da aka kira ta a salula daga Yamai aka ce an ɗauke ta, yana kwance, ciwo ya riga ya ci jikinsa. Ya ce a tada shi zaune. Ya ce, "Amarya, za su ba ki ɗaukar takardu da dafa shayi, kada ki raina. Za ki gyara a ce kin ɓata. Ki yi haƙuri, ki karanta komai a fili." Ya ciro jan bik daga aljihu ya ba ta. Ta ce, "Tsoho, ai yanzu a na'ura ake yi." Ya ce, "Riƙe dai, na'ura ba ta shiga aljihu."

Ana gobe zai cika, da rana tsaka, ya ce in matso. Ya ce, "Na cuce ki a kan karatu. Na riƙe ki inda nake bukatar ki. Ki yafe mini." Na ce na yafe tun tuni, duniya da lahira. Na yafe kuwa. Amma yafiya ba ta buɗe mini littafi ba. Ga ɗaki cike da muryarsa, ni kuma ina wucewa ta ƙofar kamar baƙuwa.

Takaba ba wuyar zama gare ta ba, la'asar ce mai wuya. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Ɗana guda da ya rage yana can arewa wajen aiki, sai murya a salula. Da safe akwai shara, akwai dahuwa, akwai maƙwabta masu leƙowa. Amma in an sallame la'asar, inuwar bedi ta kai bakin rumbu, sai in ga na ɗauko faifai da gyaɗa na zauna a wurina, gefensa na tabarma ba kowa. Ban taɓa sanin ɓawon gyaɗa na da ƙara haka ba.

Jikata ta lura. Sai ta fara ɗauko littattafansa tana zama a wurinsa tana karanta mini. Muryarta ba tasa ba ce, amma inda yake numfasawa nan take numfasawa. Wallahi na ji daɗi. Na ji daɗi har na daina tambayarta zancen Yamai. In salularta ta yi ƙara ta shiga ɗaki tana ba su haƙuri, sai in yi kamar ban ji ba. Ƙanin Malam ma ya ce, "Ki bar ta nan, Yaya. Ta nemi koyarwa a lakwal, ga gida ga ke. Yamai me ke cikinta ban da tsada?" Na ce haka ne.

Ni na ce mu rubuta wannan, don kada a wayi gari ba wanda ya san akwai mai jan bik a bayan littattafan nan. Muka yi kwanaki ina faɗi tana rubutawa. Shekaranjiya ta ce bari ta karanta mini abin da muka yi, in ji ko ya zauna. Na ɗauko faifai. Tana karatu ina ɓara, muka wuce Maraɗi, muka wuce kaza, muka wuce mai raƙumi. Da ta kai inda ya ce na riƙe ki inda nake bukatar ki, sai ta dakata da karatun. Na ɗaga kai, na ga ta zaro jan bik tana kallon hannuna.

Ta ce, "Kaka, kaza ce ko ni ce?"

Na ce, "Ba kaza ba ce. Kada ki taɓa wurin nan, daidai yake. Kira mutanen Yamai ki ce kina tafe."

Ta ce, "Ba mu gama wannan zancen ba?"

Na ce, "Yanzu za mu gama shi. Kakanki ya riƙe ni don yana son kunnena, ya mutu yana neman gafara. Ni ba zan riƙe ki don ina son bakinki ba. Ba ni da ƙarfin neman gafara irin tasa."

Ta yi kuka, ta ce wa zai karanta mini? Na ce ba kowa. Ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce za ta riƙa kirana bayan la'asar tana karanta mini aikinta. Na ce ta salula ba ta ganin hannuna. Ta ce za ta ji ƙarar ɓawo in ta ɗauke. Na ce to, ran Juma'a kaɗai, kada ta ƙarar da albashinta a kaina. Sauran kwanaki ta nemi mai saurare a can, ko mai shara ce a biro, ko mai sayar da abinci a ƙofa. Amma duk wadda ta ba ta kunne, ta koya mata karatu tun ranar farko, kada ta ce sai damina ta wuce.

Gobe da safe za ta hau mota. Kayanta na ɗaure a bakin ƙofa, na sa mata ƙuli-ƙuli da sauran cukun makiyaya. Ɗiyar maƙwabciyata za ta riƙa kwana nan har in fita takaba. Bayan nan Allah ya san yadda zai yi da ni.

Ɗazu na tashi daga matsar mai na ce ta ɗauko mini littafi guda wanda aka tuna aka sa sunansa. Ta daɗe tana nema, ta samo na yaye yaro, na farkon nan. Ta buɗe can ƙarshe. Na ce ta yi mini yadda ya yi wa mai raƙumi. Ta ce, "Kaka, wanke hannu, mai ne fa." Na ce na sani. Ta kama yatsana ta ɗora ta ce, "Daga nan zuwa nan." Ƙanana ne kuwa, kamar yadda ya faɗa, idona ma bai raba su. Na danna sosai. Da na ɗauke, ga tabo ya zauna a kai, ya huda har bayan takardar.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da ya gyara wa mutane ya tsaya masa ranar da ba mai gyara wa wani. Allah ya kai yarinyar nan lafiya, ya ba ta shugaba mai haƙuri. Littafin yana ƙarƙashin matashina. Ya ce tabon mai ba ya fita, a kan haka na dogara. In la'asar ta yi zan buɗe daga baya in nemi tabon, ba sai an nuna mini ba. Wannan karon shi zai yafe mini.